Antibodi da alikwot: wace kalma za mu sa?

Rabi, Birnin Kebbi: Salamu alaikum malamai. Ranar Litinin zan miƙa fassarar takardar aiki ta sababbin ma'aikatan ɗakin gwaji, kan antibodin da ake gano TOM20 da shi, furotin ɗin da ke ɓawon waje na maitokondiriya, wato sashen ƙwayar halitta da ke samar mata da kuzari. Kalma biyu sun tsaya mini a wuya: antibodi da alikwot. "Garkuwar jiki" ta ƙi zama, don wannan a kwalba yake, daga jinin zomo aka samo shi.

Dakta Sani, Gusau: Wa alaikumus salam. Garkuwa karewa take yi, wannan kuwa kamu ne aikinsa. Cikin dubban furotin TOM20 kaɗai yake cafkewa, a ga layinsa a sakamakon gwaji wajen kDa 16 (kDa ma'aunin nauyin furotin ne). Ki ce kamau, kamar ganau da jiyau. Kamau na farko ya kama furotin, kamau na biyu ya kama na farkon, na biyun ke ɗauke da HRP, sinadarin da ke sa layin ya yi haske.

Hadiza, Aliero: Ranka ya daɗe, kamau ya yi daɗin ji, amma ma'aikaci jikin kwalba zai karanta. In bai ga abin da ya yi kama da rubutun ba, zai iya ɗaukar na biyu a madadin na farko, aikin kwana biyu ya tashi a banza. Alikwot kam kashi ne, kamar na tumatir a kasuwa. Da kwalbar ta iso, a juya ta a santirifuj, na'urar da ke juya abu da sauri, 'yan daƙiƙoƙi, ɗigon da ya maƙale a murfi ya sauko. A kasa kashi-kashi, kada kowanne ya gaza maikrolita 10, don ƙarami ƙafewa yake yi ko ya liƙe jikin bututu. A ajiye a -20°C, can ƙuryar firiza, ba a ƙofa ba. Wanda aka narkar ya zauna a 4°C mako ɗaya ko biyu, ba ya komawa ƙanƙara.

Malam Umaru, Argungu: Mun gaji da aro! Furotin, firiza, santirifuj, yanzu antibodi. Kuma in munka ƙirƙiri tamu sai a ce a jira Kano ta sa albarka. Kamau Hausa ce tsantsa.

Hadiza: Baba Malam, ba wanda ya ambaci Kano. Allura da sabulu ma aro ne.

Dakta Sani: A daskare a narke shi ke dunƙule kamau ya rage kamu, shi ya sa firiza mai narkar da ƙanƙara da kanta ba ta dace ba, balle inda wuta ke yawan ɗaukewa. In da gilisarol kashi 50 cikin 100 a ciki, ba ya daskarewa a -20°C. Kada kuma a sa sodiyum azayid a ruwan kamau na biyu, yana kashe HRP.

Rabi: Kun ga matsalar? Dakta ya rubuta "kashi 50", ni kuma zan ce kashi ɗaya na maikrolita 10.

Hadiza: To ki ce ɗan kaso.

Rabi: Ɗan kaso ya shiga. Ɗaya kalmar kuwa, zan rubuta "antibodi, wato kamau" a shafin farko, daga nan antibodi har ƙarshe.

Malam Umaru: Da kin juya su, ɗiyata. Amma a dai bar shi a shafin farkon.