Neman shawara: tun da haruffa suka shigo cikin lissafi yarona ya rikice

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya tsaya min a rai. Ɗana na fari yana aji ɗaya na ƙaramar sakandare, shekararsa 12. A Tudun Wada muke. Firamaren gwamnati ya yi, da ya gama babansa ya dage sai ta kuɗi, ni kuwa na so a bar shi inda yaran maƙwabta suke zuwa, don a lokacin ko kuɗin haya ba mu gama biya ba, ga keken ɗinkina ya lalace wata biyu ban taɓa aiki ba, sai da na kwashi adashe aka gyara. Baban nasa direba ne, Kaduna zuwa Abuja, wani lokaci kwana uku ba mu sa shi a ido ba, komai na karatu a wuyana yake. Ni kuma daga aji uku aka yi min aure.

Wallahi yaron nan ba daƙiƙi ba ne. Yana zuwa shagon ƙanena a Kasuwar Barci, mutum ya sayi kaya kala huɗu ya miƙo dubu biyar, kafin kawun nasa ya lalubo kalkuleta shi ya faɗi canji. Amma zangon da ya wuce 23 ya ci cikin 100. Na buɗe littafinsa, ko'ina jan biro. An ba shi x + 7 = 12, ya rubuta 19. An ba shi 3x + 2, ya mai da shi 5x. An ce 5 − 8, ya rubuta 3. An ce 2 + 3 × 4, ya rubuta 20. Daren jiya yana kan tabarma da fitilar caji ya ɗago ya ce min, "Umma, jiya malam ya ce x huɗu ne, yau kuma ya ce tara ne, wanne ne na gaskiya?" Na rasa abin da zan ce masa, na tashi na shiga ɗaki. Don Allah me zan yi? Jarrabawa ta kusa.

Ummu Hanan:
Allah sarki, Allah ya buɗa masa ƙwaƙwalwa. Ki dage da addu'a 'yar uwa, ki riƙa ba shi zabibi da safe.

Tsohon Malami:
'Yata, shekara 31 na yi ina riƙe da alli, irin wannan na gan shi ya fi a ƙirga. Ciwon ba a x yake ba, tushe ne babu. Yaron da bai haddace sau ba daga biyu zuwa goma sha biyu, ko wa ya koya masa aljabara, wato lissafin haruffan nan, aikin banza ne. Ki fara cire shi daga shagon nan. Kullum bayan asuba ya karanta miki sau da ƙarfi. Sannan ƙa'ida biyu zai haddace. Ta farko BODMAS: sau da rabawa suna gaba da tarawa da ɗebewa, shi ya sa 2 + 3 × 4 take 14, a fara da 3 × 4. Ta biyu, duk lambar da ta tsallaka alamar daidai sai ta canza fuska, mai tarawa ta koma ɗebewa. Shi ya tsallakar da 7 bai canza ta ba, ya samu 19, alhali 12 − 7 ne, wato 5. Magana ta ƙare. In ya yi wasa ki taɓa lafiyarsa kaɗan, mu da bulala muka iya.

Maman Sadiq:
Na gode Baba Malam, Allah ya ƙara girma. Amma sau ɗin ya iya shi fa, har na 12. Kuma shagon Alhamis da Juma'a ne kawai da ba a islamiyya, sai safiyar Asabar. Duka kuma babansa ya gwada, tun daga ranar in ya ga littafin lissafi sai ya ce kansa na ciwo.

Tsohon Malami:
In ya iya da gaske da bai ci 23 ba. Uwa ba ta ganin laifin ɗanta.

Baban Yara Rigasa:
Ni makarantun kuɗin nan ne ba na yarda da su. Nawa uku na zuba a wata, kowane zango sabon littafi, kuɗin lesin dole, kuɗin fati, malamin lissafi kuwa a shekara ɗaya sun canza uku saboda ba sa biyan albashin kirki. Na gwamnati ma kun tuna 2017 da aka yi wa malaman firamare na jihar Kaduna jarrabawar 'yan aji huɗu, sama da dubu 21 suka faɗi. To talaka ina zai sa kansa? Ni dai na kwashe nawa.

Anti Malama:
Maman Sadiq, ni ma lissafi nake koyarwa a ƙaramar sakandare, kuma da girmamawa ga Baba Malam, ban goyi bayan a raba shi da shago ba. Shagon nan shi ne maganinsa. Tambayar da ya yi miki ta mai hankali ce, ba wanda ya taɓa gaya masa mene ne x. Ki ce masa x kamar ƙullin leda ne da ba a kwance ba. Na jiya akwai huɗu a ciki, na yau tara, kowace tambaya da nata ƙullin.

Ki zaunar da shi ki yi masa da yaren shago. Katan uku na sabulu da guda biyu a warwatse, su ne 3x + 2. Tambaye shi, zai yarda ya ce wa kawunsa katan biyar ne? In kowane katan guda 10 ne, abin da ke ƙasa 32 ne, katan biyar kuwa 50. Da kansa zai ga 5x ba ta shiga. 5 − 8 kuma: mutum na da naira 500 ya ɗauki kayan 800, me ya rage? Zai ce miki ana bin sa 300. To alamar ɗebewar da ake sawa gaban 3, bashin ke nan. Ita kuma alamar daidai sikeli ce irin ta masu nama, abin da ka cire a wannan faranti sai ka cire a ɗayan. Ƙulli da 7 sun yi nauyin 12, cire 7 nan, cire 7 can, ƙulli ya zama 5. Ba wata lamba da ke tsallake, haddar tsallaken ce ma take rikita yara in tambaya ta yi tsawo.

Ki kuma duba ko Turancin ne. Da yawa a ajina in na karanta musu tambayar da Hausa nan take suke amsawa.

Tsohon Malami:
Malama, a ɗakin jarrabawa za a ba shi katan ɗin sabulu ne? Aji uku zai zauna BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, gaba ga WAEC da NECO, babu kiredit a lissafi babu karatun kimiyya a jami'a, kuma da agogo ake yi. Wannan tatsuniyar leda ɓata lokaci ce. Da tsallaken da kike rainawa na yaye likitoci da injiniyoyi, suna nan cikin garin nan.

Anti Malama:
Baba ban raina ba, in ya gane dalili saurin zai zo da kansa.

Tsohon Malami:
Hadda tukuna, ganewa daga baya. Haka muka taso.

Abu Maryam:
Ina so in ƙara wani abu don yaron ya daina ganin abin kamar na wasu ne. Kalmar aljabara daga Larabci take, al-jabr, daga sunan littafin Muhammad bin Musa al-Khawarizmi da ya rubuta a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, wajen shekara ta 820. Babu x a cikinsa ko ɗaya, da zance ya yi komai, abin da ba a sani ba ya kira shi "shai'u", wato abu. Kuma kaso mai yawa na littafin a kan wasiyya da rabon gado ne. Sumunin matar mamaci ɗaya bisa takwas ne, sudusin uwa ɗaya bisa shida, in sun haɗu a raba gadon kashi 24. Ki roƙi malaminsu na islamiyya ya riƙa nuna musu irin wannan.

Hajiya Kawo:
Ke dai kar ki yarda da masu lesin na bin gida. Na biya wani dubu goma sha biyar a wata, ashe shi yake yi wa 'yata aikin gidan ta kwafe. Kullum goma bisa goma, ranar jarrabawa ta ci 18. Da na yi magana ya daina ɗaukar wayata, da kuɗin wata guda a hannunsa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ni shawarata ki sa ya maimaita ajin kawai.

Maman Sadiq:
Hajiya maimaita aji ba zai yiwu ba, ƙaninsa na bayansa da shekara ɗaya, su haɗu a aji guda ai na kashe masa zuciya. Baba Malam, shagon ma ba zan iya hana shi ba, ban faɗa ba ne tun farko, kawun nasa ne ke biyan rabin kuɗin makarantar, da wane baki zan ce masa yaro ya daina zuwa? Kuma ni ban ga laifin makarantar ba, Turanci da sauran duk yana ci.

Baban Yara Rigasa:
To kin je kin ga malamin lissafin nasu kuwa?

Maman Sadiq:
Ban je ba, kunya nake ji kar ya yi min tambayar da ban sani ba. Anti Malama na gwada na bashin ɗazu bayan magariba, ya gane nan take har yana dariya. Na sikelin ma ya yi guda uku daidai. Sai ya buɗo aikin da aka ba su yau, 2x − 5 = x + 4, ya ce Umma yanzu ƙulli ne a faranti biyu, kuma ɗaya da bashi a kansa, wanne zan fara cirewa? Nan na tsaya. Gobe da safe za a karɓa.

Tsohon Malami:
Kin gani ko? Da tsallake layi biyu ne, amsa 9. Na gaya muku.

Maman Sadiq:
Na ga amsar Baba, amma in ya rubuta 9 kawai malamin ba ya ba da maki sai ya ga hanya. Anti Malama kina kusa? Don Allah ko saƙon murya ne, bai yi barci ba tukuna.