Wai da gaske akwai ƙwayoyin da ke zaune cikin ciyawa suna yi mata aikin taki?

Mai Turke:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata tambaya ce ta hana ni sakat tun ranar kasuwa.

Ina kiwon turke a bayan gida, bijimai uku da saniyar tatsa ɗaya, a wani ƙauye kusa da Kura. Shekara biyu ke nan da na ware fangali goma sha biyu a ƙarshen gonar ranina na dasa ciyawar Napier, wadda wasu ke kira ciyawar giwa, don daga watan Maris harawa takan fi ƙarfin aljihuna. Ciyawar akwai albarka, amma cin taki gare ta kamar masara. In na yanka ban watsa mata yuriya ba, tohon da zai biyo baya sai ya fito rawaya-rawaya, ganye siriri kamar na mai jinya.

To ranar kasuwa wani mai tallar maganin gona ya tare ni da wani baƙin gari a 'yar leda. Wai ƙwayoyi ne masu rai, in dama a bokiti in tsoma karan ciyawar kafin dashe, su shige cikinta su zauna, ni da sayen taki kuma har abada. Naira dubu shida. Ledar tana kan tire cikin ranar azahar, ba sunan kamfani, ba kwanan wata. Na ce sai na yi shawara.

Abin da ya hana ni watsar da maganar gaba ɗaya shi ne gambar da marigayi mahaifina ya dasa a kan iyakar gonarmu. Tun ina yaro ba wanda ya taɓa ba ta ko cikin cokali na taki, amma yayyafin farko ita ce ke riga kowa yin kore. Ko dai akwai wani abu a cikinta da ke ciyar da ita? Masu ilimin abin ku taimaka.

Malamin Gona:

Wa alaikumus salam Alhaji. Gara da ka riƙe kuɗinka. Sai dai mutumin bai ƙirƙiri zancen ba, gaskiya ya ɗauko ya yi mata ado.

Ka taɓa tuge gyaɗa ko wake ka ga 'yan ƙululu a jikin saiwar? Fasa ɗaya da farce, in cikinsa ja-ja ne to bakteriyar da ke ciki na kan aiki. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, sinadarin da kake saye a buhun yuriya, amma tsiro ba ya iya cinta haka nan sai waɗannan ƙwayoyi sun sarrafa masa. An daɗe ana ɗauka cewa dangin wake kaɗai ke da wannan gata, ciyawa da hatsi ba su da rabo. Wadda ta rushe wannan tunani wata masaniya ce a Brazil, Johanna Döbereiner, wadda ta rasu a 2000. Ita da ɗalibanta suka yi ta tonon saiwar ciyayin kiwo suna samun bakteriya irin su Azospirillum da Herbaspirillum, a 1988 kuma suka gano wata a cikin karan rake kanta, tana zaune cikin ruwan zaƙin nan. An samu irinsu a ciyawar giwa ma. Su ba sa yin ƙululu, da yawansu cikin jijiyoyin tsiron suke bi, kuma tunda kara kake dasawa ba iri ba, duk gaɓar da ka yanko tana tafe da baƙinta. Ka ga ke nan taka ciyawar ma ba fanko ba ce.

Inda mai tallan ya zarce shi ne batun rabuwa da taki. Naitirojin da suke samarwa bai kai na wake ba, nesa ba kusa ba. Babban amfanin Azospirillum ma wani sinadari ne da take fitarwa mai sa saiwa ta yi gashi da rassa, ta fi janyo ruwa da abincin da ke ƙasa. Can Brazil tun 2009 ake sayar da ita ga manoman masara da alkama, daga baya aka shigar da ciyawar Brachiaria, wadda asalinta ma daga Afirka suka kai ta. Mariangela Hungria, ɗalibar Döbereiner, ta ci babbar kyautar abinci ta duniya a 2025 a kan wannan aiki. Amma ko su rage taki suke yi, ba dainawa ba. Kai kuwa duk yankan da ka yi ka kwashe abincin ƙasar ka kai turke, dole a mayar mata da wani abu.

Sannan abu mai rai ne. Wanda ya taɓa amfani da Nodumax na waken suya, wanda cibiyar binciken noma ta IITA ke yi a Ibadan, ya san ana ajiye shi a wuri mai sanyi, a cuɗa da iri a inuwa, a shuka a ranar. Abin da ya wuni kan tire a rana, in ma da ƙwayoyin a ciki, gawarsu za ka saya.

Ƴar Kano a Kentucky:

Sannu da ƙoƙari Malam. Baba Alhaji, bari in ƙara da abin da nake gani a nan Amurka inda nake karatun kiwon dabbobi, don ba kowane baƙon cikin ciyawa ne alheri zalla ba.

Ciyawar da ta mamaye makiyayun nan ana ce mata fescue, nau'in Kentucky 31, an fitar da ita ga manoma a 1943. Sun rungume ta saboda ba ta jin fari, ba ta jin ƙwari, shanu su tattake ta ta tashi. Sai dabbobi suka fara wani irin ciwo. Da zafi ka ga shanu sun bar kiwo sun shige kududdufi sun tsaya suna haki, gashin sanyi ya ƙi zuba, nono ya ragu, ƙiba ta tsaya. Da tsananin sanyi kuma wata sai ƙarshen wutsiyarta ko kofatonta ya mutu ya guntule. Sai a 1977 masu bincike a jihar Jojiya suka gano cewa wani abu dangin fumfuna ne ke zaune tsakanin ƙwayoyin jikin ciyawar, ba ya nuna alama ko kaɗan daga waje, yana bin iri daga uwa zuwa 'ya. Shi ke ba ta juriyar nan, shi ne kuma ke fitar da gubar da ke matse jijiyoyin jinin dabba.

Abin dariya, da aka cire shi aka shuka ciyawar tsura, shanu suka warke amma ciyawar ta kasa, fari da ƙwari suka cinye ta cikin 'yan shekaru. Ƙarshe sai da masana a New Zealand suka zaɓo wasu nau'o'insa masu kare ciyawa ba tare da cutar da shanu ba, aka sa su cikin iri. Wannan ciyawar ƙasar sanyi ce, ba taku ba, kada hankalinka ya tashi. Amma tun da na ga saniya tsaye cikin taɓo tana dalalar da yawu a kan ciyawa kore shar, ba na yarda da leda marar suna a kusa da abincin dabba.

Dattijon Gaya:

Ni ban yi boko mai nisa ba, amma gamba na san ta, mu nan Nijar da ita muke zana. Ɗana, ka taɓa gwada tuge tsohon gindinta? Sai ka karya ƙotar fartanya. Saiwarta na can ƙasa inda danshi yake, kuma ba ta mutuwa da rani, barci take yi. Ga shi a kan iyaka take, inda iska ke tara mata ganye da ƙura, dabbobi su raɓe su yi kashi. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, sau ɗaya ko biyu yake yanka ta a shekara. Kai kuma ciyawar giwarka duk bayan mako shida kana kanta da lauje. Ba na musun ƙwayoyin su Malam, amma kar ka haɗa gamba da ciyawar giwa.

Kashin bijiman nan uku, ina kake kai shi?

Mai Turke:

Amin Baba, na gode. Ka kama ni. Masu albasa nake sayar wa takin, amalanke-amalanke, sannan in ɗauki kuɗin in cika in sayo yuriya. Yau da na rubuta shi da hannuna sai na ji kunya.

Malam, ga abin da na yanke. Fangali huɗu zan zuba musu takin turke, huɗu in ci gaba da yuriya, huɗu kuma in tsarma wake tsakanin layukan, in riƙa auna dami a kowane yanka. Ɗazu ma na je na tuge wake ɗaya a gonar maƙwabcina, da izininsa, na fasa ƙululun, ja ne kuwa kamar tsokar nama. In akwai wanda ya san ko a cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ana samun karan ciyawar giwa mai kyau, ya sanar da ni kafin ruwa ya sauka, don nawa daga hannun wani direba na karɓa, ban ma san sunan nau'in ba.