Wane madubin hangen nesa ya dace da neman ƙahon da barewa ta zubar?

Ɗan Kusugu, Daura:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san madubin hangen nesa. Ƙanina yana aiki a jihar Wayomin ta Amurka, kuma in Allah ya yarda zan kai masa ziyara a watan Mayu. Mutanen can suna fita daji neman ƙahon da barewarsu ke zubarwa duk shekara, ya ce in taho da madubina don za mu fita tare. Kuɗina na guda ɗaya ne, kuma ina so in na dawo gida ya ci gaba da yi mini amfani wajen duba dabbobi a gona da kallon tsuntsaye a bakin madatsar Daberam. Na ga 8x42, na ga 10x42 da 12x50, sai wani mai ido ɗaya da ake girkawa kan ƙafa uku, an rubuta masa 20-60x80. A kasuwa kuma an nuna mini wani mai jan gilashi, an rubuta 60x90, kuɗinsa bai kai rabin na sauran ba. Wanne zan ɗauka? Ina sa tabarau na magani, ko wannan zai kawo cikas?

Mai Gyaran Kyamara, Katsina:

Wa alaikumus salam, Malam. Mai jan gilashin nan ka mayar wa mai shi. Ka aza rula a gilashinsa na gaba, za ka tarar bai kai milimita 90 ɗin da aka rubuta ba, galibi 50 ne ko ƙasa, kuma jawowarsa ta gaskiya da wuya ta wuce sau 10. Jan shafen da ke fuskarsa yana tare jan haske ne don ya rufe aibin gilashin ciki, shi ya sa in ka leƙa sai komai ya koma kore-kore. Mai neman ƙaho ruwan ƙasa a cikin busasshiyar ciyawa da launi yake aiki, madubin da ya gurɓata launi ba shi da amfani gare shi.

Lambar farko ita ce jawowa. Da 10, abin da ke nisan mita 500 zai zo maka kamar yana mita 50. Ta biyu faɗin gilashin gaba ne a milimita, shi ke tara haske. In ka raba ta biyu da ta farko, ka samu girman ɗigon hasken da ke fitowa ta wajen ido: 8x42 yana ba da milimita 5.25, 10x42 yana ba da 4.2, 12x50 kusan 4.2, ƙaramin na aljihu 10x25 kuwa 2.5 kacal. Da rana tsaka ƙwayar ido tana tsukewa zuwa milimita 2 ko 3, duka za su yi maka haske. Da sassafe da dab da magariba, ido ya buɗe, a nan ƙaramin yake yin duhu.

Duk jawowar da ka ƙara da abu biyu za ka biya ta, faɗin gani da rawar hannu. A nisan mita 1000, 8x42 yana nuna fili mai faɗin mita 130 zuwa 140, 10x42 kamar 105 zuwa 115, 12x50 ƙasa da 100. Kuma yadda yake jawo abu sau 12, haka yake ninka karkarwar hannunka sau 12, balle bayan ka hau tudu kana haki. A ganina 10x42 ne naka. Nauyinsa tsakanin giram 650 da 850, za ka wuni da shi a ƙirji.

Kafin ka biya, ka yi masa gwaji a bakin shagon. Ka miƙa shi nesa da fuskarka ka fuskanci haske, ka dubi ɗigon da ke gilashin ido. Ya zama zagaye cif. In gefunansa sun yi kusurwa huɗu da inuwa, ƙwayar gilashin ciki mai araha ce, irin BK-7, ka nemi mai BaK-4. Sannan ka saita shi kan wayar lantarki ko bakin rufin kwano, ka ja shi baya daga idonka kamar tsawon yatsa, ka bar idanu biyu a buɗe. Layin ya miƙe ɗaya a ɓangarorin biyu. In na dama ya fi na hagu tashi, bututun biyu sun saɓa, kuma wannan ne ke sa ciwon kai bayan minti goma. In kana shakkar lambar da aka rubuta, ka kalli bangon bulo da ido ɗaya ta cikin madubin, ɗaya idon a waje, ka ƙirga bulo nawa na waje suka shige cikin bulo ɗaya na ciki. Adadin da ka samu shi ne jawowarsa.

Malamin Gandun Daji, Dutsin-Ma:

Ƙanena, na yarda da 10x42, amma ka fara sanin abin da za ka nema, don da yawa cikinmu muna ɗauka ƙaho duk ɗaya ne. Na saniya da akuya da gada da barewarmu kube ne a kan ƙashi, ba ya faɗuwa har dabbar ta mutu. Na dangin barewar Amurka da Turai ƙashi ne zalla mai rassa, yana tsirowa cikin 'yan watanni lulluɓe da fata mai laushi, bayan lokacin barbara ya wuce sinadarin namiji ya ragu a jini, sai gindinsa ya saki ya faɗi. Matsakaitan barewa suna zubarwa daga Janairu zuwa Maris, babbar da suke kira elk kuma Maris zuwa Afrilu. Ƙahon babban namijin elk guda ɗaya yana wuce mita ɗaya, nauyinsa kilo 4 zuwa sama.

Akwai doka, kuma ta shafi madubinka kai tsaye. A yawancin filayen gwamnati na yammacin Wayomin an hana tsintar ƙaho daga 1 ga Janairu har zuwa 1 ga Mayu, don kada a riƙa firgita dabbobin da sanyi ya riga ya ramar. Daga 2024 wanda ba mazaunin jihar ba sai ya ƙara jiran mako ɗaya, ya fara 8 ga Mayu, ya kuma sayi tambarin kiyaye namun daji. A dokar, nema da gano inda ƙahon yake ma tsinta ne, saboda haka kada ka hau tudu kana hange kana sa alama kafin ranar. A gandun ƙasa irin Yalosuton kuwa ba a ɗauka sam, ko da yaushe ne. Ka sa ƙaninka ya duba sanarwar bana ta hukumar namun daji ta jihar kafin ka yanki tikiti. Arewa maso yammacin jihar akwai manyan beyar, wasu namun daji masu haɗari, da suka fito daga barcin hunturu a wannan lokaci, kowa ya rataya feshin korarsu.

Ƙasar can fili ce mai tuddai, cike da wani ɗan itace mai ganye ruwan toka, kamar sabararmu, tsayinsa gwiwa zuwa ƙugu. A irin wannan wuri madubi yana rage maka tafiya ƙwarai. Ka zauna a gefen tudu, rana a bayanka, ka hangi gangaren da ke fuskantarka. Ka fi ba da ƙarfi ga gangaren da ke kallon kudu, nan dusar ƙanƙara ke fara narkewa, nan dabbobin ke kiwo da kwanciya. Sai bakin shingen waya da mashigin rafi, inda suke tsalle, girgizar dirowa ta kakkaɓe ƙahon da ya riga ya yi sako-sako.

Kuskuren sabon shiga shi ne yawo da madubi dama da hagu yana jiran ya ga cikakken ƙaho. Ba ya bayyana haka. Ka tsayar da madubin wuri ɗaya, idonka ne zai yi yawo a cikin hoton daga gefe zuwa gefe, ka ba shi daƙiƙa 15 zuwa 20, sannan ka matsar da rabin faɗin ganin, ka sake. In ka gama layi ka sauko na ƙasa. Abin da kake nema tsini biyu ko uku ne masu farin baki a jere suna leƙowa ta saman ganye, ko lanƙwasa mai santsi da reshen itace ba ya yi. Sabon ƙaho ruwan ƙasa ne mai duhu, shi ya fi wuyar gani, shi kuma ya fi daraja. Na bara ya yi fari, wanda ya daɗe ya tsattsage, ɓeraye sun gwaguye shi don sinadarin ƙashi. Ranar da hadari ya rufe rana ta fi, domin in rana ta ƙwalle kowane busasshen kara ƙyalli yake. In ka hango ɗaya, kada ka tashi sai ka riƙe alama biyu kusa da shi, dutse ko itace, don da ka gangara kwari wurin zai sauya maka kama. In ka ɗauka kuma ka zagaye wurin, sau da yawa ɗan'uwansa bai yi nisa ba.

Na Bakin Zobe:

Malam, a gafarce ni, ni na fi karkata ga 8x42 saboda abu biyu da mai tambaya ya faɗa: tabarau da tsuntsaye. Tsuntsu mai tashi faɗin gani yake so, kuma masu 8 galibi sun fi ba da tazara tsakanin ido da gilashi. Duk wanda za ka saya, Yaya, ka duba wannan tazara a jikin kwali, kada ta gaza milimita 16, ka kuma murɗa robar idon ta koma ƙasa gaba ɗaya in kana sanye da tabarau. In ba haka ba tsakiyar hoton kawai za ka gani, gefe duk baƙi. In za ka fi shekara da shi a gida ka yi mako biyu a can, 8 ba zai cuce ka ba. Abin da za ka rasa shi ne tantance tsini da kara a nesa mai yawa.

Mai ido ɗayan nan kuwa ka bar shi. Shi da ƙafafunsa sun kai kilo 3 ko fiye, filin da yake nunawa ƙunci ne, ido ɗaya kuma saurin gajiya yake. Aikinsa tabbatar da abin da aka riga aka hango, ba nema ba. A nan gida ma in ka kai shi 60 da hantsi, kawalwalniya ce za ta cika shi, da hunturu kuma hazo zai jawo maka kusa. In akwai ragowar kuɗi, ka sayi ƙafa uku marar nauyi da ɗan ƙarfen da ake ɗaura madubi da shi. Ramin kusarsa yana gaban mahaɗin bututun biyu, ƙarƙashin wani ɗan murfi. Madubi 10 a kan ƙafa uku yana nuna abin da 12 a hannu ba ya nunawa. In babu, ka zauna ka kafa gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa.

Baba Mai Lambu, Mai'aduwa:

Ɗana, ka sayi jakar ƙirji mai maɗauri ta kafaɗa biyu. Igiyar wuya tana gajiyar da mutum, kuma duk sunkuyawa sai madubin ya bugi dutse. Ka nemi wanda aka rubuta ruwa ba ya shigarsa, an cika cikinsa da iskar naitirojin, don ba ya yin raɓa ta ciki a sanyin can, ƙurar nan ma ba ta samun hanya. Kada ka goge gilashi da bakin riga. Ƙurar hunturu yashi ce, tana kankare shafen. A fara hurewa da ɗan famfon roba, a share da buroshi mai laushi, sannan a sa ƙyallen tabarau. Da damina kada ka rufe shi a jaka da danshi, fumfuna tana cin gilashi, ka ajiye shi inda iska ke shiga tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi. Kada a bar shi a mota cikin rana, kuma a gargaɗi yara kada su kalli rana da shi, yana makantarwa.

Sai maganar tsaro. A halin da ake ciki, mai hange da madubi a daji ana iya yi masa wata fassara. Ka sanar da mai unguwa ko dagacin wurin kafin ka fara, kada ka nufi shingen jami'an tsaro ko bakin iyaka da shi, yankin dajin Rugu kuma kada ka je sam.

Ɗan Kusugu, Daura:

Allah ya saka da alheri, Baba, da ku duka. Na gwada wani 10x42 mai tazarar ido 17, ya ci gwajin waya, amma idona na dama yana ganin dishi-dishi alhali na hagu tar. Lalacewa ce?

Mai Gyaran Kyamara, Katsina:

Da wuya, Malam, zoben daidaita ido ne ba a saita ba. Yana jikin gilashin ido na dama, da alamar + da -. Ka fara lanƙwasa bututun biyu har da'ira biyu su haɗe su zama ɗaya. Ka zaɓi rubutun allo a nisan mita 50. Ka rufe gilashin gaba na dama da murfinsa, kada ka runtse ido, runtsewa tana matse ƙwayar ido ta ɓata awon. Ka murɗa na tsakiya har rubutun ya fito wa idon hagu tar. Ka cire murfin daga dama ka rufe gilashin gaba na hagu da shi, kada ka sake taɓa na tsakiya, ka murɗa zoben dama kaɗai har ya fito. Ka lura da inda alamar ta tsaya, don in wani ya ara zai gusar da ita. Ka yi duk wannan da tabaraunka a fuska. In takardar likitan idonka tana da lamba a ƙarƙashin CYL, kada ka cire tabarau wajen hange, zoben ba ya gyara wannan matsalar. In ka kai zoben ƙarshensa ta kowane ɓangare dama bai washe ba, to aibin na madubin ne, ka ce a ba ka wani.