Neman shawara: ina zan samu dogon bututu na tsohuwar Browning Hi-Power?

Baban Ilham (Houston): Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Browning Hi-Power mai cin harsashi 9mm, ƙirar kamfanin FN na Beljiyam. A shagon da ke da lasisi na saye ta a nan Texas, kuma filin harbi kawai nake kai ta ranar Asabar. Damuwata ita ce daga yadi 25 harsasan watsewa suke yi a jikin takardar da nake saitawa. Bututunta inci 4.7 ne, shi ne nake tunanin in sa mai inci 6 ko saitin zai gyaru. To Browning sun daina ƙera ta, kuma shagunan da na leƙa babu. Wanda ya san hanya don Allah ya taimaka.

Alhaji Garba (Dallas): Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka yi gaggawar fidda kuɗi. Tsawon bututu shi kaɗai ba zai haɗa maka harsasai wuri guda ba. Dubi bindigarka da kyau: alamun saiti biyun nan, na gaba da na baya, duk a kan silaid suke, wato marfin saman da ke ja da baya idan an harba. In ka sa dogon bututu zai leƙo waje ne kawai, tazarar da ke tsakanin alamun tana nan yadda take, idonka bai ƙaru da komai ba. Abin da za ka samu ɗan ƙarin gudun harsashi ne, takarda kuwa ba ruwanta da wannan. Shi ya sa samfurin gasa da FN suka yi, GP Competition mai inci 6, suka ɗora alamar gaba a can bakin bututun, a kan wani ƙarfe mai nauyi.

Ni abin da na fi zargi kunamar ce. Hi-Power tana da wani ɗan ƙarfe da ke hana ta tashi idan babu magazin, wato gidan harsasai, a ciki, kuma yana gugar jikin magazin ɗin duk lokacin da ka ja. Sai kunamar ta yi tauri, kana matsawa hannu na karkacewa ba ka sani ba. Cire harsashi gaba ɗaya, ka duba ɗakin harsashi da ke gindin bututun ka sake dubawa, ka ja a hankali, za ka ji wannan ƙaiƙayin a yatsanka.

Baban Ilham: Wallahi Alhaji ina jin sa, na ɗauka haka take tun asali.

Malam Nura (Atlanta): In dai ka nace sai bututun, tuntuɓi Bar-Sto, masu ƙera bututun bindiga da ke South Dakota, sun daɗe suna yi wa Hi-Power. Amma ka fara sanin shekarar taka. A 1935 aka fara ƙera bindigar nan kuma an yi ta sauye-sauye. A wajajen 1962 aka mayar da ƙugiyar fidda kwanso daga ciki zuwa waje. Ka ba su lambar jikinta su tantance. Kada kuma ka ruɗe da sabuwar FN High Power ta 2022, sunan ne kawai ya zo ɗaya, kayansu ba sa shiga juna. Bututun kirki yakan zo da ɗan kauri, sai maƙerin bindiga ya goge shi ya zauna daidai. Kada ka ɗauki zarto da kanka, wurin da bututu ke kullewa da silaid ba wurin gwaji ba ne.

Maman Sadiq (Sacramento): Baban Ilham, yawancin dogayen da ake sayarwa masu zare ne a baki, wato irin tsagar jikin kusoshin murɗawa. A Texas ba laifi, amma a nan Kalifoniya haramun ne a kan irin wannan bindiga, ka tuna da haka in aiki ya taɓa kawo ka. Sannan ko kusa kada wani ya roƙe ka ka sako masa irin kayan nan a jaka zuwa gida, fitar da su daga Amurka sai da lasisin gwamnati. Ina fatan tana cikin akwati mai makulli, ga su Ilham a gida.

Baban Ilham: Tana kulle Hajiya, harsasai ma wurinsu daban. Na gode ƙwarai. Alhaji, akwai maƙerin da ka yarda da aikinsa a wajenku?

Alhaji Garba: Akwai, zan turo maka ta waya. Ka ce ya duba kunamar da bakin bututun, sannan ya ɗora ta a kan abin riƙewa ya harba da kansa daga yadi 25 ɗin. In harsasan sun haɗu, bututunka lafiya lau. In ma an canja, ka adana na asalin, domin masu sayen tsoffin Hi-Power shi suke fara tambaya.