Shin Michael Jackson ya musulunta kafin ya mutu?

Auta: Assalamu alaikum 'yan gida. Yanzun nan wata ƙawata ta turo min wata waƙar Turanci da ake gode wa Allah a cikinta, ta ce Michael Jackson ne ya rera ta bayan ya musulunta, wai har ya koma Mika'ilu. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Ashe bawan Allahn nan da kalmar shahada ya cika? Allah ya jiƙansa.

Yaya Babba: Wa alaikumus salam. Auta, waƙar nan na san ta tun kina firamare. Sunanta Give Thanks to Allah, kuma wanda ya rera ta Zain Bhikha ne, wani mawaƙin yabo ɗan Afirka ta Kudu, musulmi tun haihuwa. Muryarsa siririya ce, shi ya sa ake ruɗewa. Satin da Michael ya mutu a 2009 na je shagon masu tura waƙa a waya da ke bakin layinmu, na tarar da samari sun yi cincirindo kowa na miƙa wayarsa, mai shagon ya rubuta a kwali ya manna a ƙofa: "Sabuwar waƙar Mika'ilu Jackson". Ni ma na biya aka tura min, na yi watanni ina kunna wa mutane ina rantsuwa shi ne. Ba shi ba ne.

Auta: To Yaya, a bar waƙar. Ai ba ita kaɗai ba ce. Akwai bidiyon da ɗan uwansa yake sanar da mutuwarsa a asibiti, ya rufe da addu'ar Allah ya kasance tare da Michael. Da bakinsa ya ce "Allah". Kuma ya zauna a ƙasar Larabawa.

Kawu: Auta ta kawo hujja, a ba ta amsa da hujja. Ni dai ina tare da ita. Mutumin nan bayan kotu ta wanke shi daga zargin cin zarafin yaro a 2005 bai nufi Faransa ko Ingila ba, Bahrain ya tafi, ya zauna baƙon ɗan sarkin ƙasar, Sheikh Abdullah. Wanda ya yi watanni yana jin kiran salla sau biyar a rana, ga yayansa musulmi, me zai hana zuciyarsa ta karkata? Ruwa ba ya tsami banza.

Yaya Babba: Kawu, Allah ya ƙara girma, amma a duba wanda ya yi addu'ar. Jermaine ne, kuma shi musuluntarsa ba ɓoyayya ba ce, tun 1989 ya karɓi addini bayan wata tafiya da ya yi Bahrain ɗin nan. Musulmi ya tsaya gaban 'yan jarida ƙaninsa ya mutu, wane suna zai kira in ba Allah ba? Wannan shaida ce a kan imanin Jermaine. Kuma shi da kansa ya faɗa daga baya cewa ya kawo wa Michael littattafan addini daga Saudiyya, ya so ƙwarai a ce ya musulunta. Mai cewa "na so a ce ya yi" ai ya gaya maka bai ga an yi ba.

Labarin Mika'ilu kuwa jaridar The Sun ta Ingila ce ta fara buga shi a Nuwambar 2008, ta ce an yi taron shahada a wani gida a Los Angeles, har ta ambaci Yusuf Islam, wanda a da ake kira Cat Stevens, cikin mahalarta. Yusuf Islam ya fito ya ce bai halarci wani taro irin wannan ba. Lauyan Michael ma ya ƙaryata. Abin da ya fi ɗaure min kai, a wannan watan ne ɗan sarkin Bahrain ɗin da Kawu ya ambata yake shari'a da Michael a kotun Landan kan kuɗi, dala miliyan 7, kafin su sasanta.

Kawu: Lauya ai aikinsa ke nan, musu. Mutumin da bayan 'yan watanni zai shirya wasa 50 a Landan, a sayar da tikiti kaf, kana ganin za su bari a ce ya musulunta a Amurkar wancan lokaci?

Baffa Malam: Na karanta duk abin da kuka rubuta. Kawu, zancenka yana iya yiwuwa, amma da "yana iya yiwuwa" ba a gina hukunci. Shari'a da zahiri take aiki. Zahirin mutumin nan shi ne ya tashi a gidan Shaidun Jehobah, addinin mahaifiyarsa Katherine, ya bar su a 1987, kuma ba a taɓa jin shahada daga bakinsa a bainar jama'a ba. Ya mutu ranar 25 ga Yuni, aka yi taron tunawa da shi ranar 7 ga Yuli, da limaman coci da waƙoƙin bishara, ba a binne shi ba sai 3 ga Satumba a maƙabartar Forest Lawn. Wata biyu da kwanaki gawa tana ajiye. Ku gwada da Muhammad Ali, shi ma baƙar fata ne ɗan Amurka, shi ma duniya ta san shi. Da ya rasu a 2016, dubban mutane suka yi sahu a Louisville aka yi masa sallar jana'iza, duniya na kallo. Babu wanda ya buƙaci wata waƙa don ya tabbatar Ali musulmi ne.

Abin da ke tsakanin Michael da Ubangijinsa a daren ƙarshe, ba ni da shi, ba ku da shi. Ban yanke masa wuta ba, wannan ba hurumina ba ne. Amma kada mu rataya masa shahadar da ba mu ji ba, don shaidar zur ce ko da niyyar mai kyau ce.

Goggo: Ni abin da ke ba ni mamaki, me ya sa muke ta jan mutumin nan sai ya zama namu? Wanda ya ƙi fatar da Allah ya ba shi, ya bi ya shafe ta da bilicin, ya yanke hanci har ya lalace. Ga zargin yara ƙanana da ya bi shi har kabari. Musulunci ya rasa mutane ne?

Kawu: Goggo, a nan kam ba zan yi shiru ba. Ke kin san shekarun da Thriller ya fito, 1982 zuwa sama, ina saurayi a Kano. Kaset ɗaya muke da shi mu shida, in zaren ya tsinke mu liƙa da jan farce, mu sa biro mu naɗe. Wandona na kai wa tela ya ɗage shi sama da idon sawu don farar safa ta fito, Baba ya gani ya ce in ba a sauke ba kada in shigo masa gida. Ba iskanci ya ja mu ba. Yaro baƙi ne kamar mu, daga gidan talakawa a garin Gary, uban ma'aikacin masana'antar ƙarfe, 'ya'ya tara a gida mai ɗaki biyu, ya zo ya sa tashar MTV da ba ta cika sa waƙar baƙaƙe ba ta buɗe ƙofa dole. Da yunwa ta ci Habasha, shi da Lionel Richie suka rubuta We Are the World a 1985 aka tara miliyoyin daloli. A 1992 ya zo Afirka da ƙafarsa, har wani gari a Kwaddibuwa, Krindjabo, suka naɗa shi sarauta. Safiyar Juma'ar da na ji mutuwarsa a rediyo ina riƙe da kofin shayi, ajiye shi na yi, ban sha ba.

Yaya Babba: Goggo, maganar fata kuma akwai gyara. Yana da cutar da likitoci ke kira vitiligo, wadda ke sa fata ta yi dabbare-dabbaren fari, kin san muna ganin masu ita a nan ma, a hannu da gefen baki. Ya faɗa a hirarsa da Oprah Winfrey a 1993 mutane suka ƙi yarda, sai da likitocin gwamnati suka binciki gawarsa suka tabbatar da ita. Ya yi amfani da mai don ya daidaita launin, wannan gaskiya ne, kuma hancin tiyata ce, ba musu.

Goggo: Na karɓi ta fata, ban sani ba, Allah ya yafe min. Ta yaran fa?

Yaya Babba: Wannan ba zan share ta ba. A 2005 masu taya alƙali hukunci sun wanke shi daga dukkan tuhume-tuhumen. Amma ta 1993 da kuɗi aka kashe ta a wajen kotu, kuma bayan mutuwarsa wasu mutum biyu sun fito a wani fim na 2019 sun ce ya ci zarafinsu suna yara, iyalansa suka musanta. Ni uba ne, ba zan ce wa mai irin wannan kuka ya yi shiru don ina son waƙa ba.

Kawu: Ni ma ba zan ce ba. Yana min ciwo, amma ba zan ce ba. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda ya ƙare. Shekara 50, barci ya gagare shi har sai likitansa Conrad Murray ya riƙa ɗura masa propofol, maganin da ake sumar da mai tiyata da shi, a ɗakin kwanansa. Kotu ta ɗaure likitan shekara huɗu a 2011. Watakila shi ya sa nake so labarin shahadar ya zama gaskiya, ina so a ce ya samu natsuwa ko ta dare ɗaya ce. Malam, na ji hujjarka, ba ni da abin da zan ture ta da shi, amma ban fid da rai ba.

Baffa Malam: Fata ba laifi ba ce, Kawu, ka riƙe ta a zuciyarka. Yaɗa ta a matsayin labari ne na hana.

Auta: Baffa, na riga na tura waƙar zaure uku kafin in kawo ta nan, har da na 'yan Islamiyyarmu. Yaya, don Allah rubuto min sunan mawaƙin nan na Afirka ta Kudu daidai, in bi su ɗaya bayan ɗaya in gyara.

Yaya Babba: Zain Bhikha. Ki fara da na Islamiyyar, su ne za su fi saurin turawa gaba.