Waɗanda suka taka hanyar dutsen Cinque Terre, ku ba mu labari

Maman Biyu, Milan: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni da maigida muna shirin zuwa Cinque Terre, ƙauyukan nan biyar na bakin teku a yankin Liguriya na ƙasar Italiya, kuma so muke mu bi su da ƙafa ta hanyar dutse. Yaranmu biyu 'yan firamare ne. Wanda ya taɓa zuwa, don Allah ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Baba na Janowa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki fara da takalmi. Tun 2019 hukumar wurin ta hana hawa da silifa, tarar kuma daga yuro 50 take har 2,500. A gabana aka mayar da wasu 'yan mata daga rumfar duba tikiti saboda abin da ke ƙafarsu. Ni daga ƙauyen Monterosso na tashi zuwa na Vernazza, kilomita uku da rabi ne kawai, amma sai mutum ya ci kusan awa biyu. Da ka bar gari matakala ce ta dutse, hawa kan hawa, tsakanin gonakin lemun tsami da inabi, kana haki tun ba a je ko'ina ba. Akwai wuraren da hanya ba ta ɗaukar mutum biyu, sai ka manne da katanga mai tahowa ya wuce. Amma da ka sha kwanar ƙarshe ka hango Vernazza a ƙasa, 'yan kwale-kwale a mashigi, coci a bakin ruwa, hasumiyar tsohuwar ganuwa a kan dutse, wallahi gajiyar ta tafi.

Ɗan Madagali, Modena: Baba ya faɗi gaskiya, sai dai ni ba fentin gidajen ne ya tsaya mini a rai ba. Katangun ne. Duk tsaunin nan an yanka shi hawa-hawa, an tare ƙasa da duwatsu, babu siminti ko kaɗan, dutse ne aka ɗora a kan dutse da hannu, shekara ɗaruruwa. Na tsaya na sa yatsa a tsakaninsu, ƙananan tsakuwa ne aka cusa suka riƙe manyan. Nan take na tuna Sukur a jiharmu ta Adamawa, gonakin kan dutse da hanyar da aka shimfiɗe da duwatsu. UNESCO ta sa Cinque Terre cikin wuraren tarihi na duniya a 1997, Sukur kuma a 1999, kuma kusan aikin hannu iri ɗaya aka girmama.

Na ga wani dattijo yana sauko da kwandunan inabi a kan wata 'yar na'ura mai bin layin ƙarfe guda ɗaya, domin ko jaki ba zai iya gangaren ba. Inda aka daina noma kuwa za ki gane da ido: katanga ta yi ciki, ƙaya ta rufe. Irin wannan ne ruwan sama ke kwasowa. Ranar 25 ga Oktoba 2011 ambaliya da laka suka binne babban titin Vernazza, Monterosso ma ta sha, an rasa rayuka. Shi ya sa ban ji zafin kuɗin katin shiga ba, da shi ake gyaran hanya da katangun. Yaya, ki nuna wa yaran wannan, kada su dawo da hoto kawai.

Ɗalibar Pisa: Anti, da yara ni ban ba ki shawarar Monterosso zuwa Vernazza a watan Agusta ba. Rana ga cunkoso, kuma wasu wuraren babu shinge. Mu a Oktoba muka je, daga Vernazza zuwa Corniglia, ta fi sauƙi, akwai inuwar itatuwan zaitun. Corniglia ce kaɗai ba ta bakin ruwa, tana kan dutse kimanin mita 100, jirgin ruwa ma ba ya tsayawa a can. Tsakaninta da tashar jirgin ƙasa matakala ce kusan 380, gara ki sauko ta da ki hau ta, ko ku shiga ƙaramar bas. Maganar abinci, ku nemi farinata, da garin wani irin wake mai suna chickpea ake gasa ta da man zaitun, sai soyayyen kifi da ake zubawa a takarda. Sciacchetrà da za ki gani a kowane shago giya ce. Ban ga masallaci ba, mun yi alwala a famfon gari muka haɗa azahar da la'asar a gefen hanya, babu wanda ya dame mu.

Ɗan Zango, Brescia: Ni hanyar sama na fi so. Ta bakin ruwa tsakanin Corniglia da Manarola a rufe na same ta saboda zaftarewar ƙasa, sai muka bi ta Volastra. Mutane kaɗan ne, kana ratsa tsakiyar gonakin inabi, teku na can ƙasa. Ku hau bas daga Manarola zuwa Volastra, ku huta da hawan.

Maman Biyu: Allah ya saka da alheri. To hanyar da ake kira Via dell'Amore fa, an buɗe?

Baba na Janowa: An buɗe a 2024, bayan ta shekara goma sha biyu a rufe tun da duwatsu suka faɗo a 2012. Ba ta kai kilomita ɗaya da rabi ba, a shimfiɗe take daga Riomaggiore zuwa Manarola, yara za su iya, amma sai kin kama lokaci tun kafin ku je. Ki sayi katin da ya haɗa da jirgin da ke zirga-zirga tsakanin La Spezia da Levanto, in yara suka gaji ku sauka tasha mafi kusa. Ki kuma duba gargaɗin yanayi da safe, domin in aka yi hasashen ruwa mai ƙarfi rufe hanyoyin ake yi.