Shawarwarin da aka bai wa mai hawa jirgi karon farko

Wata 'yar uwa daga Jega ta tambaya yadda za ta yi, za ta Abuja daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello na Birnin Kebbi, ga abin da mutane suka fi nanata mata.

Na farko ki isa da wuri, awa 2 kafin tashi, don in aka rufe kantar tantance fasinjoji babu mai sauraron ki ko da kina ganin jirgin a tsaye. Katin shaida, ko NIN ko katin zaɓe ko fasfo, kuma sunan ya zo daidai da na tikiti, wannan fa ya sha hana mutane tafiya wallahi.

Kaya kuwa ki duba kilo nawa aka yarda a tikitinki, ki auna tun a gida. Fawa bank a jakar hannu take zama ba a babban akwati ba, wuƙa da almakashi kuma akasin haka. Magani ma ya kasance hannunki.

Wasu sun ce kunne na toshewa wajen sauka, a tauna cingam ko a yi ta haɗiye yawu. Lokacin hunturu hazo kan jinkirta jirgi, ki riƙe abin taɓawa da caja.